Giɓin Ta Huɗu

A garinmu Pickett Bend, in ka ce Earline Mabry sai mutane su tsaya suna sosa kai. Amma ce Mis Earline mai tarwaɗa, ko karen gari sai ya raka ka har rumfarta. Rumfar na nan bakin titin da ya gangaro daga tudun kwaleji, ƙarƙashin wata tsohuwar bishiyar pikan da saiwarta ta ɗaga kwalta ta yi tozo. Tarwaɗa ce daga kogi, a birkiɗe ta cikin garin masara, a jefa a mai, a kwantar da ita kan farin burodi, a ɗiga ruwan barkono. Shi ke nan. Ka ce kana son wani abu daban ka sha zagi kyauta.

Ta doshi saba'in yanzu. Ba doguwa ba, ba gajeriya ba, baki kamar reza. Abin da kowa ya sani game da ita bayan bakin, kafaɗarta ta dama ta ɗan fi ta hagu ɗagewa. Likita ya ce ciwon ƙashi ne. Marigayi mijinta Cleophus kuwa cewa yake, "Matar nan ko barci take kafaɗar nan a sama take, sai ka ce tana jiran tsuntsu ya sauka." Da man nan ya yi zafi ya fara rawa a kasko, hayaƙi ya tashi yana lilo tsakanin ganyaye, sai ka ga idonta ya tafi wani wuri. Hannu na juya kifi, ita kuwa ba ta garin. Sai ka kira ta sau biyu kafin ta dawo ta harare ka.

Ba ciwon ƙashi ba ne. Bari ku ji.

Tana 'yar shekara sha tara ta shiga kwalejin nan ta kan tudu, ita ce ta farko a gidansu da ta taka ƙofar. Lokacin ubanta ke da rumfar kifin. A can ta ga 'yan ƙungiya. Kun dai san su, 'yan matan nan masu haruffan Girkanci uku a ƙirji, da suke rantsuwa sun zama 'yan'uwan juna har kabari. Ƙungiyoyin da yawa, kowace da launinta da waƙarta da irin takunta. Waɗanda suka tafi da hankalin Earline su ne masu rigar rawaya, gari na ce musu 'Yan Rawaya. Wata safiya ta gan su suna ratsa ciyawa, raɓa ba ta ma bushe ba, fararen safar hannu, ba mai cewa uffan, ƙafafunsu na sauka lokaci ɗaya kamar jiki ɗaya ne mai ƙafa da yawa. Ta tsaya da littattafai a ƙirji, baki buɗe. Ita da ta tashi cikin ƙarnin kifi da ihun ƙanne, ba ta taɓa sanin mutane na iya tafiya haka ba.

To kafin a karɓe ki sai kin yi makonni a sahu. A jera sababbi, gajeriya gaba, doguwa baya, kowace da lambarta, har sunanki ya ɓace ki koma lamba. Hannunki na dama kan kafaɗar ta gabanki. Haka za ku tafi aji, haka za ku tafi cin abinci, haka za ku tafi coci ranar Lahadi. A sahu ba a waiwaye, kuma wani ba ya keta muku. In ta gaba ta faɗa kwata, to duk kun faɗa.

Su bakwai ne a nasu sahun. Ta ɗaya Willadean, 'yar firit, kamar ka sa ta a aljihu. Earline ta huɗu. Ta biyar, wadda ke bayanta, wata 'yar ƙauyen auduga ce daga Mississippi, sunanta Ozella Crump, mai ƙaton hannu mai zafi kamar dutsen guga. Tunda ba a waiwaye, Earline ta riga sanin hannun kafin fuskar. In Ozella na jin yunwa hannun ya yi nauyi. In tana jin barci ya dinga zamewa. In kuwa wata daga cikin manyan yayyen ƙungiya na musu masifa, ita kuma dariya ta cika mata ciki, sai ta matse kafaɗar Earline, Earline ta ciji leɓe har hawaye ya zo. Wannan matsar ta ja musu horo ba sau ɗaya ba.

Ranar da ake fito da sababbi cikin rawaya ita ce ranar Dawowa, bikin nan na Oktoba da tsofaffin ɗalibai ke cika gari, ga 'yan badujala, ga ƙwallo, ga hayaƙin nama ko'ina. Kuma ita ce ranar da rumfar gidan Mabry ke samun abin da zai ishe su har ƙarshen lokacin sanyi. A cikin makon ne uban Earline ya faɗi gefen kasko, ɓarin jikinsa ya shanye. Uwarta na fama da goyo. Aka aiko yaro ya faɗa mata, suna tsaye a sahu gaban ɗakin cin abinci da tsakar rana. Ba ta yi kuka ba. Ta ɗaga hannu ta cire hannun Ozella daga kafaɗarta kamar mai cire gyale, ta fita, ta gangara tudu. Ba ta waiwaya ba. Wannan dokar dai ta kiyaye ta.

Dokarsu kuwa a fili take. Wadda ta fita ta fita. Sahu ya haɗe, ta biyar ta matso ta dafa ta uku, a manta an taɓa yin wata. Sai Ozella ta ƙi. Yayye suka yi ihu, suka tsayar da ita a rana, suka ce ita ma za a kore ta. Ta ce, "Ni dai ta biyar ce." Hannun nan a miƙe cikin iska, daidai tsawon kafaɗar da babu. Aka yi, aka yi, har yayyen suka gaji, don an riga an ɗinka lambobi a riguna, tela kuma ya ce ba zai warware ba.

Ranar Dawowa Earline na tsaye bayan kaskon ubanta, gari har gwiwar hannu, ta ji waƙarsu na gangarowa. Ta ɗaga kai. Ta cikin hayaƙi ta ga 'yan mata shida cikin rawaya, rana na bugun su, tsakanin ta uku da ta biyar ga fili na mutum ɗaya, farar safar Ozella na shawagi a kan babu. A lokacin ta ji wani abu mai ɗumi ya sauka a kafaɗarta ta dama. Bai sake ɗagawa ba.

Kar ku ce daɗi ta ji. Sam. Ita a wurinta tonon silili ne. Kowane Oktoba matan nan su dawo, su jeru a tsohon sahunsu, su gangaro ta gaban rumfarta, a nuna wa duk gari ramin da ta gudu ta bari. Ta biyu ta rasu, ta bakwai ta rasu, duk an haɗe sahu an ɗaura farin ƙyalle a hannu don tunawa da su. Matattu ma an rufe musu gurbi, ita da ke raye tana suya an bar nata a hangame. Har a coci sai da ta kai wa Yesu ƙara, kuma da ƙarfi take addu'a, kowa ya ji.

Ba ta koma kwaleji ba. Uban ya cika, ta gaji kasko, ta auri Cleophus mai gyaran mota, ta haifi uku, ta aurar, ta binne Cleophus. Ozella kuwa ta yi ta karatu har ta zama Dakta Crump, shugabar wata makaranta a Memphis. Amma duk ranar Dawowa da safe, kafin a fara jerin gwano, sai ta zo rumfar da rigarta ta rawaya mai lamba biyar a hannu.

"Mai kifi, har yau ba ki kashe kowa da gishiri ba?"

"Ke nake jira, Dakta. Na ware miki naki daban."

"Guda biyu. Ban son wutsiya."

"Wutsiya za ki ci, da karatunki da komai. Wai wannan hular fa? Tsuntsu ne ya mutu a kanki?"

"Daga Memphis take, ba ki san irinta ba."

"Allah ya raba ni da sani."

Haka. Su tambayi 'ya'ya, su zagi maza, su yi gulmar fasto. Maganar giɓi kuwa, ba wadda ta taɓa ɗaga ta. Ozella ta cinye kifinta a tsaye, ta goge baki, ta hau tudu. Anjima ta gangaro da hannu a iska, Earline ta sunkuyar da kai tana masifa da mai. Abin da ba ta sani ba, ko ta sani ta yi kamar ba ta sani ba, ƙarƙashin teburin nan ƙafafunta na yin takun. Dama, dama, ja baya, karkata. Duk masu rumfa a layin sun gani, ba dai mai ƙarfin halin faɗa mata.

Sababbin ɗalibai kuwa sun sha wa'azinta. Shekarun baya kaɗan wata yarinya mai dogayen kitso, Kamryn, ta zo sayen kifi, ta tsaya tana wasa da farantin takarda.

"Mis Earline, don Allah in tambaye ki. An ce kin san 'Yan Rawaya tun da. Wai shiga ƙungiya na da amfani?"

"Amfanin uwar me? Rawaya kike so? Je ki kanti ki saya ki sa, ba mai kama ki."

"Ba rigar ba. An ce mutum na samun 'yan'uwa."

"'Yan'uwa! Uwarki ba ta haifa miki ba?"

"Ni kaɗai ce."

Earline ta juya kifi, ta sake juya shi alhali bai buƙata ba.

"To ki nemi kyanwa," ta ce. "Zo nan ki ji. Za su hana ki barci, su sa ki haddace sunayen matattu, su sa ki tafiya kamar agwagwa. Sannan wata ta manne miki, ki yi shekara da shekaru ba ki rabu da ita ba. Ki yi karatunki ki kama gabanki. Karɓi, na ƙara miki ɗaya, kin rame."

Yarinya ta ce ta gode, ta tafi ta shiga abinta. Bana ma ita ce shugabar reshen ƙungiyar na kwaleji, da usur a wuya, tana tafiya kamar ita ta gina tudun.

Bana ne sahun su Ozella ya cika shekara hamsin. Safiyar ta zo da wani irin haske mai laushi, kamar an tace rana da farin yadi. Ganyen pikan na saukowa ɗaya bayan ɗaya ba gaggawa. Daga nesa ana jin 'yan badujala na gwada kakaki, sautin ya zo ya koma. Earline ta ɗora mai, ta tafi duniyarta, can inda ciyawa ke da raɓa. Muryar da ta sani ce ta dawo da ita.

"Mai kifi, har yau ba ki kashe kowa ba?"

Ozella ce, da baƙin tabarau, riƙe da gwiwar hannun Willadean. Willadean ɗin ta ƙara ƙanƙancewa, kai fari fat.

"Iyye, yau kuma 'yar fim muka samu? Wa kike ɓoye wa, Dakta, ko kin ci bashin miji ne?"

"Hasken goshinki nake gudu. Guda biyu, ban son wutsiya."

Earline ta tsamo, ta kwantar kan burodi, ta ɗiga barkono, ta miƙa. Farantin ya tsaya a iska. Ozella na murmushi, fuskarta na kallon bishiya, hannunta na gefe. Earline ta ɗan kaɗa farantin. Shiru. Sai Willadean ta kamo hannun Ozella ta kai shi ƙarƙashin farantin a hankali.

Earline ta juya ta koma kan kasko.

"Gishiri ya yi yawa," in ji Ozella da ta gutsura.

"Ci ki ba ni wuri," in ji Earline.

Willadean ta kai Ozella kan wata kujera a inuwa, can sama kusa da ƙofar kwaleji, sannan ta dawo ita kaɗai wai ta manta ruwan barkono.

"Ciwon suga ne ya cinye idon," ta ce. "Tun bazara. Ta hana mu faɗa miki."

"Ni na tambaye ki?"

"Bana ba za ta yi tafiyar ba. Mun ce ta dafa ta uku ta bi ta, ta ce ita ba ta san wannan kafaɗar ba. To ba ma bar makauniya ta gangara tudu da hannu a iska ba. Za ta zauna. Ta shida za ta matso, mu haɗe." Ta ɗaga kai ta dubi Earline, don dole sai ta ɗaga. "Addu'arki ta karɓu, 'yar'uwa."

"Madalla," in ji Earline. "Sai a huta."

Willadean ta tafi. Earline ta tsaya da matsami a hannu. Masu saye suka yi layi, ta dinga sallamar su ba ta san wa ta ba me ba. Wani ya ce ta ba shi wutsiya zalla, ba ta ko zage shi ba, har ya tsorata ya tambaya ko lafiya. Abin da ta roƙa ne fa. Yau za su wuce su uku a haɗe tsaf, ba rami, ba wanda zai nuna wa ɗansa ya ce ka ga wurin mai kifi. Baɗi ma haka. Nan gaba kaɗan ba wanda zai san ta taɓa hawa tudun nan da littattafai a ƙirji. Ta kai hannu ta taɓa kafaɗarta. Ɗumin na nan. Ta rasa dalilin da ya sa take so ta riƙe shi kamar mai kare fitila daga iska.

Rana ta karkata, jerin gwano ya taso. 'Yan badujala suka wuce, ganguna na girgiza man kasko. 'Yan mata masu jifa da sanda sama, motoci buɗaɗɗu, sarauniyar kwaleji na ɗaga hannu kamar wadda aka ɗaura wa zare. Sai ƙungiyoyi, kowace da launinta. A al'ada tsofaffin sahu ke gaba, matasa na biye. Earline ta ce ba za ta kalla ba. Ta kalla.

Can saman tudu, kujerar inuwa ba kowa. Ozella ta tashi. Yadda aka yi ta lalubo wurinta Allah kaɗai ya sani, amma ga ta tsaye bayan ta uku, da filin mutum ɗaya a tsakani, farar safa a iska. Kamryn na gefenta tana roƙo, muryarta na kawowa har ƙasa.

"Dakta Crump, don girman Allah, bari in riƙe ki. Ni ma 'yar'uwarki ce ai."

"Ƙwarai kuwa. Lambarki nawa a sahuna?"

"Ba ni da..."

"To sakar min riga, 'yata."

Willadean ta tsaya jim, kamar za ta yi magana, sai na baya suka fara turowa, waƙa ta tashi. Suka taho. Dama, dama, ja baya, karkata. Ozella na bin sautin ƙafa, kai a sama, tana ɗan kaucewa hagu, ta shida na gyara ta da hannu daga baya. Jama'a suka yi tsit a wajen. Earline kuwa ba fuskarta take kallo ba, kwalta take kallo. Tozon nan da saiwar pikan ta ɗaga, daidai gaban rumfarta. Masu ido biyu ma nawa ya kayar? Cleophus kansa ya taɓa barin haƙori a wurin.

Ta ajiye matsami. Ba ta cire ƙyallen suya da ke rataye a gabanta ba, ba ta wanke hannu ba, ba ta kashe wuta ba. Ta sunkuya ta ƙarƙashin igiyar da aka tare 'yan kallo da ita, gwiwa na ƙara, ta hau titi.

Kamryn ta sha gabanta, usur na lilo.

"Mis Earline! Ba a shiga sahu! Ke ba 'yar ƙungiya ba ce, kin sani. Reshenmu za a hukunta."

"Matsa, yarinya, kafin in birkiɗe ki a garin masara."

"Wallahi ba raini ba ne, doka ce." Ta juya ta ɗaga murya. "Mama Willadean! Ki duba bayanki!"

'Yar tsohuwar ba ta ko motsa wuya ba. Ƙafa na taku, ido na gaba.

"Shekara hamsin ban waiwaya a sahu ba, ba yau zan fara ba," ta ce. "Ban ga komai ba. Ke ma duba gabanki."

Ta uku ma gaba take kallo, kamar an zana ta. Kamryn ta tsaya baki sake. Earline ta kewaye ta, ta shiga filin da baya da baya, ta ɗan rusuna, ta cusa kafaɗarta ƙarƙashin farar safa.

Hannun ya firgita. Sai ya fara lalube, ya taɓa igiyar ƙyalle, ya taɓa ƙashin wuya, ya dawo ya zauna. Earline ta yi mamaki. Ba nauyi. Wanda ta yi rayuwarta tana ɗauke da shi ya fi wannan nauyi nesa ba kusa ba. Wannan duk ƙashi ne, kamar ɗan tsako ya sauka.

"Kin makara," in ji Ozella a bayan kunnenta.

"Kifi nake soyawa."

"Na ji ai. Kina ƙarni."

"Ɗaga ƙafa, ga saiwa. Ɗaga sosai, ke makauniyar banza."

Suka haye tozon. Sai hannun ya matse kafaɗarta, irin matsar nan ta da, Earline ta ciji leɓe. Ta ɗora nata hannun, da gari da mai da komai, kan rigar ta uku.

"In kin ɓata min riga sai kin wanke," in ji ta uku, ba ta waiwaya ba.

"An riga an ɓata."

Daga nan ita dai ba ta iya ba da labari daidai ba. Ta ce ihun jama'a ya koma can nesa kamar ana yi a ƙarƙashin ruwa. Titin da ta yi rayuwarta tana kallo daga gefe, ashe daga tsakiya faɗi gare shi, sama a buɗe, ganye na saukowa rawaya rawaya kamar su ma 'yan ƙungiya ne. Ƙafafunta ba su tambaye ta komai ba, takun na nan inda ta ajiye shi. Da gefen ido ta hango rumfarta, 'yar ƙarama ashe, hayaƙi na tashi. Kuma ta rantse ta ga wata yarinya tsaye bayan hayaƙin, gari har gwiwar hannu, tana kallon su. Ta so ta ce mata wani abu, amma a sahu ba a waiwaye, sai ta wuce ta bar ta.

Ta yi waƙar tare da su, baitin farko da na biyu, da muryarta ta mai tallan kifi. Baitin ƙarshe kuwa, wanda sai wadda aka rantsar ke yi, ta ja bakinta ta rufe. Ta san shi sarai, ta ji shi ya fi a ƙirga. Ba nata ba ne. Ozella ta yi shi da ƙarfi a bayanta, har da kuskuren murya.

A bakin filin ƙwallo sahu ya watse. Aka kawo kujera. Ozella ta zauna tana haki, sai da ta zauna daram sannan ta ɗauke hannun. Farar safa ta yi jirwayen mai.

"Kin rage tsawo," ta ce.

"Ke kika tanƙware."

"Baɗi ki zo da wuri."

"Baɗi ki zo da ido."

Willadean ta dafe ƙirji ta ce Yesu, Ozella kuwa dariya ta kama ta har tabarau ya zame.

Da Earline ta koma rumfa, wani ya kashe mata gas, amma kifin da ke kasko ya zama gawayi, duk layin ƙauri. Tana cikin kankarewa tana zagin kowa sai ga Kamryn, usur a aljihu, fuska a ɗaure.

"Ni na kashe wutar," ta ce. "Kuma sai na yi bayani gaban manya ranar Litinin."

"Ki ce musu wata mahaukaciya ce ta fi ƙarfinki."

"Haka zan ce." Ta kalli gawayin. "Mis Earline, ke fa kika ce min ba amfani."

"Har gobe haka na ce. Ba ki ga asarar da na yi ba? Tarwaɗa guda guda har kasko ɗaya." Ta zuba sabon mai. "Wace ce a bayanki?"

"Na'am?"

"A sahunki. Wa ke dafa ki?"

"Wata ce, Noelle. Surutu gare ta kamar rediyo."

"Hannunta fa?"

Kamryn ta ɗan yi tunani. "Sanyi. Kullum sanyi."

"Hm," in ji Earline. "Kawo ta ta ci kifi."

Ta sunkuya za ta kunna wuta, igiyar ƙyallen suya ta zame daga kafaɗarta ta dama. Ta mayar. Ta jefa kifi, ta sake zamewa. Ƙyallen da ta yi shekaru tana ratayawa bai taɓa yi mata haka ba. Ta tsaya ta dubi kafaɗar, ta ga ta sauko daidai da 'yar'uwarta.

"Tsiya," ta ce. "Yanzu kuma sai na nemi allura."